Ƙararrawar da Ta Rasa Ɗanta

Shagon Baba yana tsakiyar titinmu daidai, sai ka ce da igiya aka auna. In ka tsaya a ƙofarsa ka dubi dama, za ka hango cocin Tudu, inda aka yi mana baftisma ni da Yaya. In ka dubi hagu, ga cocin Gangare can, wanda muka gina bayan an rabu. Na ce muka gina domin ina cikin waɗanda suka fita. Yaya kuwa ta zauna. Shekara goma sha ɗaya ke nan ba mu haɗa benci ba, ni da matar da ta goya ni a bayanta.

Kada a tambaye ni abin da ya raba ikkilisiyar. Fasto aka sauya, wasu suka ce ba su yarda ba, wasu suka ce wanda bai yarda ba ga ƙofa nan a buɗe. Shi faston da aka yi rigimar dominsa ya daɗe da komawa garinsu yana kiwon kaji. Mu ne dai muka rungume fushin muna renonsa.

Baba mai walda ne, kuma bai taɓa sa ƙafa a coci ba. Bai hana kowa zuwa ba, bai kuma taɓa zagin addinin kowa ba. In an matsa masa sai ya ɗaga guduma ya ce ga fastonsa nan. Amma lokacin da Mama take da rai, akwai abin da yake yi kowace Lahadi. Da an buga ƙararrawar farko sai ya kashe injin, ya cire gilashin fuska, ya tsaya a bakin shago har ta zo wucewa da farin ɗankwalinta. Sai ya ce mata, "Ki gaishe mini da Shi." Ita kuma ta ce, "Zai ji, amma ya fi son ya ji daga bakinka." Shekara talatin suna wannan gaisuwar. Mama ta rasu, bayan shekara guda ikkilisiya ta tsage, ƙararrawar kuma ta yi shiru.

Dalilin shirunta kowa ya sani. A makon rabuwar an sauko da ita domin a gyara katakon da take rataye a kai, aka zare sandar ƙarfen da ke lilo a cikinta tana bugunta, wadda muke kira ɗan ƙararrawa, aka ajiye a gefe. Da ƙura ta lafa aka nemi ɗan aka rasa. Dattawan Tudu suka zo wurin Baba ya ƙera musu wani, ya ce a'a, ɗanta yana raye, shi ba ya yi wa uwa sabon ɗa alhali na fari bai mutu ba. Suka ce tsohon ya fara ruɗewa. Aka tura ƙararrawar ɗakin ajiya tare da karyayyun bencuna, aka sayo lasifika. Mu ma a Gangare muka sayo tamu, wadda ta fi tasu ƙara, don kada a raina mu.

To, kowace Lahadi wa'azi biyu ne suke tasowa, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu, su yi karo a kan rufin kwanon Baba. Ya ce ba ya gane komai a ciki sai "amin", ita ma ba sa faɗinta tare.

Ni da Yaya mun raba kwanakin Baba ba tare da mun taɓa zama mun tsara ba. Litinin da Alhamis nata, in ta tashi daga makarantar da take koyarwa. Talata da Juma'a nawa, in na rufe keken ɗinkina. Kowace tana kawo abinci da 'yar takardar bishara daga cocinta. In na tarar da takardar Yaya a kan tebur sai in tura ta ƙarƙashin tarkace in ajiye tawa. Ban san ita ma haka take yi ba sai ranar da na sunkuya ɗaukar cokali, na ga takardunmu duka an naɗe su tare an cusa ƙarƙashin gajeriyar ƙafar teburin aikinsa.

"Baba! Maganar Allah ce fa ka taka da tebur?"

"A nan kaɗai suke zaman lafiya, Tartsatsi," in ji shi. "Kuma tebur ya daina rawa."

Tartsatsi yake ce mini tun ina ƙarama, saboda ba a taɓa ni sau biyu.

A shekarar da nake ba da labarinta, idanun Baba sun gama tafiya. Hasken walda na shekara hamsin ya cinye su, sai inuwa-inuwa yake gani. Likita kuma ya kira mu, kowace a ranarta, ya ce zuciyarsa ta gaji, kada mu sa rai da wata shekarar. Duk da haka bai yarda ya zauna a gida ba. Kullum sai an kawo shi shago, ya zauna a kujerar ƙarfen da ya ƙera da hannunsa, yana shafa kayan aiki ɗaya bayan ɗaya.

Tsoro ya shige ni sosai. Ba mutuwarsa kaɗai nake tsoro ba. Ina tsoron ya tafi bai taɓa kai gaisuwar nan da bakinsa ba.

Da rana tsaka shagon yakan zama wani iri. Rufin kwanon ya huhhuje, sai haske ya riƙa saukowa siri-siri, garin ƙarfe yana yawo a cikinsa a hankali. Titi ya yi tsit. Baba ya jingina kai, ba barci ba, ba ido biyu ba. Wata Talata ina zaune ina ɗinke masa aljihun riga, sai ya ɗaga yatsa.

"Kin ji?"

"Me, Baba?"

"An buga ta farko. Yanzu uwarku za ta fito."

Ya juya fuska wajen ƙofa yana murmushi. Ni ma na juya, kuma wallahi na ɗan lokaci na ga kamar wani farin abu ya gifta ta cikin hasken. Wataƙila tantabara ce. Na ji ƙanshin sabulun da Mama take wanke ɗankwalinta da shi. Har kunnena ya fara kama wani amo mai nisa, irin wanda yake saura a iska bayan an daina bugawa. Baba ya bi abin da kai daga hagu zuwa dama, a hankali, daidai saurin tafiyar Mama, leɓensa yana motsi.

Na ajiye allura na durƙusa a gabansa. Na ce, "Baba, don Allah ka karɓi Yesu. Ka zo Gangare ran Lahadi, ni zan riƙe hannunka."

Ya juyo da fuskarsa daga ƙofa.

"Jiya yayarki ta durƙusa a nan inda kike," ya ce. "Ita ma haka ta faɗa, sai dai Tudu ta ce."

"Ai su Tudu, Baba, in ka san abin da suka..."

"Ita ma haka ta fara." Ya laluba ya dafa kaina. "Tartsatsi, ina da 'ya'ya biyu a shagon nan. Ranar da na shiga ɗaya daga cikin cocin nan naku, saura ɗaya. In na bi ki na rasa ta, in na bi ta na rasa ki. Kun ce Ubanku na sama ɗaya ne. Ciki ɗaya kuka fito, nono ɗaya kuka sha, amma ko kwanon abincina ba kwa yarda su haɗu. Ni mai walda ne. In na ga haɗi ya tsage, ba na ɗora masa kaya, balle in ɗora raina."

Na sunkuyar da kai ƙarƙashin tafinsa. Ni da ba a taɓa kayar da ni a magana ba.

"Kuma ki mayar wa uwa da ɗanta," ya ce.

Na ce, "Wane ɗa?"

"Ranar da kuka fita, na ga wucewarki da jaka a kafaɗa. Tafiyar wanda ya ɗauko ƙarfe daban take. Kafaɗarki ta hagu ta sauka, jakar kuma ba ta lilo."

Shekara goma sha ɗaya ya sani, bai taɓa ko tari a kan maganar ba.

Gaskiya ne, ni na ɗauke. Ran nan zuciya ce ta ɗebe ni. Na ga ɗan ƙararrawar a yashe a gindin bango, na ce a raina, in sun ƙwace mana coci, ba za su kira kowa da muryar da take kiran Mama ba. Na naɗe shi a tsohon zanenta, na tura can ƙasan akwatin da nake tara ƙyallaye. Daga nan na ci gaba da rayuwata, ina jagorar waƙa a zumuntar mata, ina bin gida-gida ina ce wa mutane su tuba. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Washegari Laraba ce, ranar da ba ta kowa ba. Na fito da ɗan ƙararrawar daga akwatin. Tsawonsa bai wuce daga gwiwar hannuna zuwa yatsu ba, amma ya fi yadda na san shi nauyi. Zanen ya hana shi tsatsa. Na saɓa jaka na hau tudu, kafaɗata ta hagu a sauke, kowa na gaishe ni ina jin kamar ya ga abin da ke ciki.

Na tarar da Yaya a tsakar gida tana duba littattafan ɗalibai. Ta ɗaga kai ta dube ni ta saman tabarau.

"Lafiya? Baba ne?"

"Baba yana nan." Na kwance zanen na ajiye a gabanta.

Ta dubi ƙarfen, ta dubi zanen Mama, ta dube ni. Ta cire tabarau ta ninke. Na so ta yi ihu, don na san yadda ake amsa ihu. Amma Yaya ba ta ɗaga murya.

"Kin san wa aka ce ya sace shi?"

"Ban sani ba. Na riga na fita."

"Mai Igiya."

Mai Igiya shi ne tsohon da ya yi shekara ashirin yana buga ƙararrawar, tun muna yara muna bin sa yana ba mu bakin igiyar mu riƙe.

"An ce ya sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe," in ji Yaya. "A gaban jama'a aka tsayar da shi. Ya rantse har ya yi kuka. Tun ran nan bai sake shiga wani coci ba, ba namu ba, ba naku ba. Kuma ni ce na fara faɗa wa dattawa cewa shi na gani a wurin daga ƙarshe."

Na zauna a ƙasa na rufe fuska. Kunyar da na ji ran nan ban taɓa jin irinta ba. Ita tana kujera ni ina ƙasa, ƙarfen a tsakaninmu. Sa'an nan na faɗa mata abin da Baba ya ce game da 'ya'ya biyu.

"Ni ma ya gaya mini," ta ce. "Na ɗauka ke yake nufi."

"Ni kuma na ɗauka ke."

Ta share ido da bakin mayafi, ta yi wata 'yar dariya. "Laifi tudu ne. Tashi, ki ɗauki kayanki. Ba ni za ki fara ba haƙuri ba."

Gidan Mai Igiya muka fara zuwa. Na durƙusa na faɗi komai. Tsohon ya karɓi ƙarfen ya ɗora a cinya yana shafa shi, bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Abin da ya tambaya kawai shi ne, "Ita uwar tana nan lafiya? Ba su bar ruwa ya taɓa ta ba?"

Ran Lahadi na tsaya a gaban jama'ar Gangare na faɗa. Wata da muke waƙa tare ta ja tsaki, wani dattijo ya ce ai da na yi shiru na jefa a rijiya, da ban ba 'yan Tudu abin dariya ba. Daga nan na hau tudu na sake faɗa a gaban waɗanda na yi shekaru ina kauce musu a kasuwa. Babu wanda ya yi dariya. Yaya ta tashi bayana ta faɗi nata, ta kira sunan Mai Igiya ta wanke shi.

Sai gardama ta tashi a kan inda za a rataye ƙararrawar, don mu dai ba ma rasa abin gardama. Tudu suka ce tasu ce. Gangare suka ce iyayenmu ma sun sa hannu wajen sayenta. Ana cikin haka Baba ya aiko da saƙo cewa ko ina za a kai ta, dole ta fara biyowa ta shagonsa, domin shi ya ƙera fil ɗin da yake riƙe ɗan tun farko, kuma babu wanda zai mayar sai shi. Wannan kam babu mai musu.

Ran Asabar da safe maza shida na Tudu suka ɗauko ta a kan sanduna biyu. Kafin su kai rabin hanya gwiwoyinsu sun fara rawa. Mazan Gangare suna tsaye bakin titi, hannu a ƙirji, wai kallo suka zo. Da ƙararrawar ta karkata za ta faɗi, ban ga wanda ya fara gudu ba, na dai ga kafaɗu sun ƙaru a ƙarƙashin sandunan. Mai gyaran takalma na cocinmu yana huci yana ce wa na gabansa, "Ɗaga sosai mana, ko a Tudu ba a ba ku abinci ne?"

Aka rataye ta da sarƙa a jikin ƙarfen da Baba yake ɗaga injuna da shi. Ya ce a kawo shi kusa. Ya zagaye ta da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa ya kasa kunne, ya ce ba ta tsage ba. Sa'an nan ya ce Yaya ta riƙe ɗan daga ƙasa, ni kuma in riƙe bakin ƙararrawar kada ta motsa. Ya zura hannu ciki, idanunsa a rufe tunda ba su da amfani, yana laluba. Kanmu ya haɗu a ƙarƙashinta, ni da Yaya, numfashinmu yana dawo mana. Muka ji ƙaras.

"Ya zauna," in ji Baba.

Aka ɗaura igiya. Kowa ya ja da baya ya bar wa Mai Igiya wuri. Tsohon ya tofa yawu a tafin hannu kamar yadda yake yi da, ya kama, ya ja.

Ban san yadda zan faɗi abin da ya biyo baya ba. Amon ya cika shagon, ya girgiza garin ƙarfen da ke yawo a cikin haske, ya fita ƙofa ya rabu biyu, ya hau tudu ya gangara gangare. Tantabaru suka tashi daga rufin. Na ga ƙofofi suna buɗewa a duk tsawon titin. Tsofaffin mata suna fitowa da hannu a baki, wasu da kumfar wanki har gwiwar hannu. Yaran da suka taso ba su taɓa jin ta ba suna tambaya mene ne. Maƙwabtanmu da ba Kirista ba ma sun fito, mai shagon magani yana cewa rabonsa da saita agogonsa da wannan muryar har ya manta. Jama'a suka taho daga dama da hagu suka cika gaban shagon, har ba ka iya cewa wannan na ina ne.

Baba yana tsaye, fuskarsa a wajen ƙofa. Ya bi wani abu da kai daga hagu zuwa dama, a hankali. Na jira in ji ya ba da saƙon gaisuwa kamar kullum. Bai bayar ba. Da amon ya fara mutuwa sai ya ɗora tafin hannu a jikin ƙararrawar, ya bar shi a nan har ta yi shiru.

Ba zan yi ƙarya in ce cocin biyu sun koma ɗaya ba. Har yau biyu ne, kuma har yau ba a gama shawarar inda za a kai ƙararrawar ba, shi ya sa tana nan a shagon, Mai Igiya yana buga ta kowace Lahadi, kowa ya ji ya nufi nasa. Amma ran nan babu wanda ya tuna da wannan.

"Ku kawo benci," in ji Baba.

Aka kawo na shagon, mai ƙafafun ƙarfe. Ya zauna a tsakiya, ya buga gefen dama da tafinsa, ya buga gefen hagu. Yaya ta zauna, na zauna. Ya kama hannunta, ya kama nawa, ya ɗora su a kan gwiwoyinsa. Hannunsa ya yi sanyi.

"To," ya ce. "Shekara talatin ina aika gaisuwa wurin wanda ban sani ba. Ku gaya mini ko wane ne. Daga farko."

Ni da kullum nake riga kowa magana, na yi shiru na bar wa Yaya. Ta fara daga haihuwarsa, a hankali, yadda Mama take ba mu muna yara. Da ta kai wurin gicciye kuka ya tare mata murya, sai na ɗauka daga inda ta tsaya. Da tawa ta karye a bakin kabari, ta karɓa ta ƙarasa. Jama'a suna tsaye a rana, babu mai motsi.

Baba ya daɗe yana gyaɗa kai.

"Ashe labari ɗaya kuke ba ni duk shekarun nan," ya ce.

Ya matse hannuwanmu biyu, ya ɗaga fuska wajen hasken da ke saukowa ta hujin kwano, ya gyara murya kamar mai shirin yin sallama a ƙofar babban gida.

"Ku koya mini yadda ake gaishe Shi," ya ce. "Yau da bakina zan yi."